Zomanya Ta Zama Baƙuwa

Ga ta nan, ga ta nan ku, ku matso.
Ta zo mu ji ta.

"Haba Iya! Ni dusa, shi karas?"

Kyalla ke nan, zomanyar gidan Iya Tambai, tana ta masifa tun da aka kawo sabon zomo, wani ƙato mai suna Dambu.

Iya ta ce, "Baƙo ne. Mai daɗin ai na baƙo ne."

Kyalla ta ce a ranta, to shi ke nan. Ta sulale ta ramin katanga, ta zagayo ƙofar gida, ta yafa ganyen ayaba, ta maƙe murya ta rangaɗa sallama.

Iya ta gane ta sarai, amma ta danne dariya. "Maraba da baƙuwa. Dambu, kawo mata karas."

Dambu ya dire kwano. "Bisimilla, Hajiya."

Kun san baƙuwa da kunya, sai an lallashe ta. Kyalla ta sunkuyar da kai. "A'a, wallahi a ƙoshe nake."

"To madalla," in ji Dambu. Ya zauna gabanta ya cinye tas, har da ganyen karas ɗin.

Kyalla ta yar da mayafi, ta banko ƙofa garam ta fice.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na shara muku ƙarya.