Ledar Lemon Maharazu

Akwai wani ɗalibi mai suna Maharazu da gwamnati ta tura karatu Landan a 1975, lokacin da arzikin man fetur ke tashe. Ɗakinsa a unguwar Camberwell yake. Sai ya yi kwana uku bai yi magana da kowa ba, in ban da mai yankar tikitin bas.

Kaɗaici ne ya kai shi ƙungiyar besbol ta jami'arsu, wasan da ake jefa ƙwallo a doke ta da kulki a zaga fili da gudu. Kai, gaskiya dai bai iya ba! Kakar wasa biyu yana zaman benci, ba a sa shi a wasa. Sunansa ma ya yi wa 'yan wasan nauyi a baki, suka yanke shi, suna ce masa "Mak".

A bencin nan yake zama da Ephraim, wani tsoho Ba'amurke da ya kafa ƙungiyar a 1952. Yanzu aikinsa ɗinke safar hannu da tattara kulake. Kullum labarinsa ɗaya: kofin da suka ci a 1961. Kowa ya gaji da ji, Maharazu kaɗai ke saurare.

Wata Asabar aka ce Ephraim na asibiti, ciwon huhu.

"Yaushe za mu je dubiya?" in ji Maharazu.

Kyaftin ɗin ƙungiyar ya ɗaga kafaɗa. "Ai mun aika masa kati."

Kati? Mutum na kwance a aika masa takarda? Maharazu ya sayi lemo a leda ya tafi shi kaɗai.

"Wani abu ya faru ne?" Ephraim ya tambaye shi.

"Babu. A garinmu ba a barin marar lafiya da bango. Sannu, Baba."

"Mene ne sannu?"

"Wato na ga wahalarka, ina tare da kai."

Sati bakwai yana zuwa. Maharazu ya faɗa masa yadda aka lallasa ƙungiyarsu a wasa, tsohon ya sake ba shi labarin 1961, har Allah ya ba shi lafiya.

A kakar wasa ta uku, ciki ya murɗa wa Maharazu, aka yi masa aiki a asibiti. Lokacin ziyara ya yi, kowane gado da mutanensa, nasa babu kowa. Ya tuna yadda gidansu ke cika in wani ya kwanta. Ya juya fuska bango, hawaye na zuba, yana jin ko mutuwa ya yi babu mai sani.

Sai ya ji ƙarar takalma. Ya waiwayo: 'yan wasa tara cikin kayan ƙungiya, kowa da ledar lemo, Ephraim a gaba yana dogara sanda.

Tsohon ya ɗaga hannu, suka haɗa baki, harshe na karkacewa: "Sannu, Maharazu."

Kyaftin ya sunkuyar da kai. "Kwana biyu Ephraim ya tsare mu a fili muna koyon sunanka. Ya ce wanda bai iya ba, kada ya ƙara taɓa masa kulki."

Maharazu ya yi dariya har ɗinkin cikinsa ya yi zafi.

Darasi: Kada ka raina ziyarar marar lafiya, musamman wanda ba shi da kowa. Ƙafar da ka taka zuwa wurin wani, ita za ta kawo maka mutane ranar da kake kwance. Tura wannan labari ga wanda ka daɗe ba ka leƙa ba, sannan ka je da kanka.