Hakimin da Ya So a Fuskance Shi

An yi wani hakimi, Barau, da ya gina sabon gida yamma da masallaci. Bai kwana uku a ciki ba ya sa aka kira masa liman, Malam Jatau marini.

Ya ce, "Sau biyar kullum kuna juya mini baya, har da duƙawa! Daga gobe ni za ku fuskanta in kuna salla, ko ka bar mini gari."

Malam Jatau ya auna lamarin. Alƙibla ba tasa ba ce balle ya juya ta, ramukan rini kuma ba sa ɗaukuwa a ka. Ya nisa, ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Washegari da azahar sai ga shi da jama'a a ƙofar hakimi, da makara, da likkafani, da masu haƙa.

Hakimi ya ce, "Wa ya rasu?"

"Ba kowa tukuna. Na duba littattafai, salla ɗaya ce ake sa mutum a gaba. Sai dai da sharaɗi: a yi maka wanka, a naɗe ka, ka kwanta."

"In an idar fa?"

"Sai mu raka ka. Ba a dawo da mai ita gida."

"Kullum sau biyar?"

"Haba, ranka ya daɗe, sau ɗaya ta wadatar. Ba wanda ya taɓa neman ƙari."

Hakimi ya dubi makara, ya ga daidai tsawonsa ce. Ya ce, "Malam, ku koma ku juya mini baya. Wanda ya waiwayo ma, sai na ɗaure shi!"