Ranar da Manhaja Ta Yarda da Maganar Ba-Latti

Akwai wani mai motocin dakon kaya da ake ce wa Ba-Latti. Ba sunan yanka ba ne. Shi da kansa ya sa aka rubuta kalmar da jan fenti a bayan kowace motarsa, mutane kuwa suka ɓamɓaro ta daga jikin mota suka liƙa masa. Motocin ba su da yawa, rabinsu ma sun kwana biyu a duniya, amma idan ya zauna a ofishinsa na bakin gareji ya fara bayani, sai ka rantse jiragen sama gare shi.

A faɗi gaskiya, mutumin ba mugu ba ne. Yana kyautata wa direbobinsa, yana kuma zumunci. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya buɗe baki ya ce motarsa ta makara. In taya ta fashe, hanya ce ba ta da kyau. In inji ya yi zafi, direba ne bai duba ruwa ba. In an rasa wanda za a ɗora wa laifi, to agogon mai kaya ne yake gudu.

Yana da ƙanwa, ita ce autarsu, kuma har ta tara 'ya'ya kowa Auta yake ce mata. Tana da 'yar masana'antar yogot a bayan gari, da ɗakin sanyi ɗaya da mata ma'aikata da ke ci daga wurin. Tun da ta fara, motocin yayanta ne ke kai mata kaya garin da ke gaba da su. Shi kuwa yogot ba ya jiran kowa. Zafi na taɓa shi roba za ta kumbura, daga nan sai zubarwa.

Auta ta san halin ɗan'uwanta. In ya ce mata, "Kafin azahar kaya sun isa," sai ta ce, "To, Yaya." Yana juya baya za ta sa a ƙara ƙanƙara a akwatunan, ta kira masu kanti ta ce su sa ido wajen la'asar. Haka matarsa take yi, haka direbobinsa, haka mai sayar masa da taya. Kowa yana da ɗan abin da yake ragewa daga maganarsa a ɓoye, shi kaɗai ne bai san ana yi masa ragin ba.

Duk da wannan dabara, an sha kai kaya a lalace. Har babban kantin da ke sayen fiye da rabin yogot ɗinta ya ja mata kunne cewa in aka sake, za su nemi wani.

Ana cikin haka sai ga wata ƙawar Auta tun ta makaranta, injiniyar kwamfuta, ta zo da labari. Wata gidauniya ta buɗe ƙofar neman tallafi ga masu son amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen gyara tafiyar kaya, tun daga inda ake yin su har hannun mai saye. Sai dai mutum ɗaya ba ya nema. Dole a haɗu, mai yin kaya da mai dako da mai fasaha. Waɗanda suka tsallake zagayen farko kuma za a turo wakili ya ga gwajin aikinsu da idonsa.

Suka zauna su uku a ɗan ofishin Auta, injin ɗakin sanyi yana ta gurnani a bayan bango.

Ba-Latti ya ce, "To wannan injin naku, tuƙi zai koya wa direbobina ko me?"

Injiniya ta yi dariya ta ce, "A'a, Yaya. Manhaja ce. Ita za ta riƙa faɗin motar da za a ɗora wa kaya, da hanyar da za a bi, da yawan ƙanƙarar da za a sa. Amma ba ta san komai ba sai abin da muka koya mata. Ƙawata za ta ba ni bayanan kayanta, kai kuma ka ba ni na tafiye-tafiyen motocinka, waɗanda na'urar jikinsu take adanawa."

"Duka?"

"Duka, Yaya."

"Har da ranakun da hanya ta ɗan ba mu matsala?"

"Su ma na fi so."

Ya ce babu damuwa, ai shi ba shi da abin ɓoyewa.

Da ya koma gareji ya sa akawunsa ya buɗe masa bayanan a kwamfuta. Duk tafiyar da aka makara tana fitowa da jan launi. Ya duba sama ja, ya duba ƙasa ja, musamman layin wata tsohuwar mota mara firiji da suke kira Tsohuwa. Ransa ya ɓaci kamar an zage shi.

Ya ce, "Goge jajayen nan."

Akawu ya ce, "Maigida, Injiniya fa ta ce duka take so."

"Ita ta ɗauke ka aiki ko ni? Baƙi ne fa za su gani. Ka taɓa jin an ba da tallafi ga motar da ke kwana a hanya? In baƙo zai zo gidanka, ba ka shara?"

Akawu ya goge, ya tura.

Washegari Injiniya ta kira shi. "Yaya, na duba bayanan. Ni dai tunda nake ban taɓa ganin motocin da ba sa makara ba."

"To yau kin gani."

"Babu wani ɓangare da ya ɓace wajen turowa?"

"Wato ƙarya nake yi ke nan?"

Ta ba shi haƙuri ta kashe waya. Hankalinta bai kwanta ba, sai ta tuntuɓi Auta. Auta ta ce, "In da bakin Yaya ne, na san yadda nake yi da shi. Amma wannan ai na'ura ce ta rubuta. Ƙila ni ce nake ɗora masa laifin da ba nasa ba." Har ta ji kunyar zargin da ta daɗe tana yi masa.

Suka rubuta takardar nema, suka tura, kuma Allah ya sa suka tsallake zagayen farko. Ba-Latti ya bi gari yana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa tarihin motocinsa ne ya ja hankalin gidauniya.

Ranar gwaji ta zo. Wakiliyar gidauniyar wata dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta zauna a gefe da kofin shayi ta ce su yi aikinsu kamar ba ta nan. Kayan ranar kuwa na babban kantin nan ne.

Injiniya ta kunna manhaja, manhaja ta fitar da shawararta. A ɗora wa Tsohuwa kayan, tunda a iya saninta ba ta taɓa makara ba. A bi ta hanyar gada, ita ce mafi kusa. A rage ƙanƙara rabi, a cike gurbin da ƙarin yogot.

Auta ta ji an ce a rage ƙanƙara. Ta dubi yayanta.

Shi ma ya ga abin da ke kan allo. Ya san gadar nan sarai, ya san cunkoson da ake yi a kanta, ya kuma san Tsohuwa ba ta jure tsayuwa a cunkoso, nan da nan take zafi ta mutu. Duk ranakun da hakan ta faru ai shi ya sa aka goge su.

Injiniya ta ce, "Yaya, kai ka san motocinka. Akwai gyara?"

Wakiliya ta ɗago kai tana kallonsa ta saman tabarau. Kalma ɗaya ta isa a canza mota, babu wanda zai yi asarar ko roba ɗaya. Ba-Latti ya gyara zaman hularsa.

"Babu gyara. Tsohuwa ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Aka yi lodi, mota ta tashi. Suka zauna suna kallon ɗan ɗigo yana tafiya a kan taswira. Ya fita gari, ya miƙe hanya, Ba-Latti yana ta ba wakiliya labarin yadda ya fara da mota ɗaya. Da ɗigon ya hau gada sai ya rage gudu. Can ya tsaya.

Wayar Ba-Latti ta yi ƙara. Ya duba, ya ga direba ne, ya fita waje ya amsa. Da ya dawo ya ce ɗan cunkoso ne, yanzu za a wuce. Rana ta take, ɗigo yana nan. Aka yi azahar, yana nan. Auta ta daina kallon allo, ta koma kallon ƙasa. Ashe Tsohuwa ta yi zafi ta mutu. Sai da aka nemo makaniki, mota ba ta isa ba sai gab da magariba.

Manajan kantin bai yi dogon bayani ba. Ya turo hoton robobi a kumbure, wasu har sun fashe sun ɓata akwatuna, sannan ya kira ya ce, "Ki yi haƙuri, mun yi magana da ke tun farko." Ya ajiye waya.

Injiniya ce ta fara magana, a hankali. "Yaya, don Allah, Tsohuwa ta taɓa mutuwa a gadar nan?"

Ya kawar da kai gefe.

Auta ta ce, "Yaya, me ka ba ta?"

"Na ɗan share ne kawai. Don kar a raina mu."

Auta ba ta ɗaga murya ba, amma idonta ya cika. "Shekara da shekaru ina ƙara ƙanƙara saboda kai. Ban taɓa faɗa maka ba don kar ka ji kunya. Yau ɗaya da na yarda da kai ɗari bisa ɗari, ka ga abin da ya same ni. Kana zaune aka tambaye ka, Yaya. Kana kallona."

Wakiliya ta ajiye kofinta ta miƙe. Ta ce, "Malam, ba mu taɓa hana kowa tallafi don motarsa tana makara ba. Saboda masu makarar aka buɗe shi. Wanda kayansa ke isa a kan lokaci kullum, me zai yi da mu? Manhajarku ba ta yi laifi ba, abin da aka gaya mata ta bi. Amma ba za mu iya tallafa wa haɗin gwiwar da abokan ciki ke ɓoye wa juna gaskiya ba." Ta yi musu sallama ta tafi.

Tallafi ya wuce su, kanti ma ya tafi. Dole Auta ta sallami wasu daga cikin matan da ke mata aiki, kuma da bakinta ta gaya musu, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi gaba da yayanta ba. Tana gaishe shi, tana zuwa gidansa. Maganar kaya ce dai ba ta sake yi masa ba.

Bayan wasu watanni gidauniyar ta sake buɗe ƙofa. Ba-Latti ya sa akawu ya tattara masa bayanan nan kaf, da jajayen da komai, ya ɗauka da kansa ya nufi masana'antar. Ya ajiye motarsa a bakin ƙofa ya shiga. A tsakar wurin ya tarar da wata farar mota da bai sani ba, ana yi mata lodin yogot.

Auta ta tarbe shi da fara'a, ta ba shi kujera, ta kawo ruwan sanyi, ta tambayi lafiyar matarsa da yara. Ya miƙa mata abin da ya kawo.

"Ga shi, Auta. Wannan karon ban taɓa komai ba."

Ta karɓa da hannu biyu. "Allah ya saka da alheri, Yaya. Sai dai mun riga mun tura. Da wani muka haɗa."

"Auta, ni fa yayanki ne."

"Har gobe kai ne yayana, ba ni da kamarka. Amma kayan nan abincin matan can ne da suka rage. Ba ni da ikon sake gwaji da shi."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai direban farar motar ya leƙo ya rusuna. "Baba, don Allah ko motarka ce a bakin ƙofa? A ɗan matsar mana, za mu fita."

Ba-Latti ya tashi, ya lalubo makulli a aljihu, ya je ya matsar da motarsa gefe. Yana zaune a ciki kayan ƙanwarsa suka wuce ta gabansa.

Darasi: Wanda ya ɓoye wa likita ciwonsa ba likitan ya cuta ba. In za ka haɗa hannu da mutane a kan aiki, ka kawo rauninka tare da ƙarfinka, domin a kan gaskiyarka suke ɗora nasu lissafin. Mutanen da ke sonka suna iya rufa maka asiri shekara da shekaru, amma ranar da girman kanka ya taɓa abincinsu, za su ci gaba da girmama ka su miƙa amanar ga wani. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin haɗa kasuwanci da ɗan'uwa ko aboki, ƙila ya karanta kafin a tambaye shi ko akwai gyara.