Mai Ruwan Gidan Laftana Na'ibi

Akwai wani tsohon soja da ya zauna a unguwar Nuzla ta birnin Jidda, ana ce masa Laftana Na'ibi. Da shi aka yi yaƙin Bama a rundunar Turawan mulkin mallaka. Yana samanja aka yi yaƙin, sai dab da zai ajiye kaki aka ba shi laftana. A shekarar 1959 ya zo aikin Hajji, bai koma gida ba. Ya samu iƙama, wato takardar izinin zama, da aikin shugaban masu gadi a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, ya auri A'i, Bahaushiya haifaffiyar Jidda.

Mutum ne mai ji da kansa. In ka gaishe shi ba ka haɗa da "Laftana" ba, ko kallonka ba zai yi ba.

A lokacin famfo bai kai Nuzla ba, 'yan garuwa ke kai ruwa gida-gida. Wata rana da azahar wani sabon mai ruwa ya yi sallama, yana jan ƙafar hagu. Da Na'ibi ya ga fuskarsa sai kofin shayi ya suɓuce masa.

Yahya ne, ɗaya daga cikin masu ɗaukar wa rundunarsu kaya a Bama. Harsashi ya same shi a cinya a bakin wani kogi, 'yan uwansa suka ce za su goya shi, Na'ibi ya hana. Har butar ruwansa ya ƙwace, ya ce gawa ba ta shan ruwa. Da suka isa sansani ya shaida wa Bature cewa Yahya ya mutu.

"Ranka ya daɗe, Samanja," in ji Yahya. "Ban mutu ba. Mutanen dajin ne suka tsince ni."

Na'ibi ya haɗe rai ya ce, "Zuba ruwanka ka fita."

Da A'i ta matsa masa da tambaya, ya ba ta labarin. Ta dafe ƙirji. "Haram alaik, Alhaji! Yalla, bi shi ka roƙi gafara tun yana kusa."

"Ni hafsan soja in durƙusa wa ɗan dako? Yaƙi ne. Halas, an gama, kar ki sake tayar da maganar."

Shekara bakwai Yahya yana kawo ruwa gidan. Kullum in ya juye sai ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, kamar mai jiran a ce masa wani abu. Kullum Na'ibi sai ya kau da kai.

A shekara ta takwas abin ya sauya. Yahya ya daina sallama. Yana zuwa ne da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa daga titi, A'i kuma tana barci. Ba a jin jan ƙafarsa, ba a jin ƙarar garwa. Na'ibi zai ɗaga kai kawai ya gan shi tsaye, ya zuba masa ido. In ya tafi sai tsakar gidan ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ganye da jiƙaƙƙiyar ƙasa, a garin da ya yi wata goma bai ga ruwan sama ba.

Abinci ya fita ran Na'ibi, ya rame. Ranar nan ya ce wa matarsa, "Ki ce wa mutumin nan ya daina zuwa da rana."

A'i ta dube shi. "Wane mutum? Yahya ya fi wata bai taka gidan nan ba. Wajen wani Bayamane, ɗan ƙasar Yaman, nake saye da safe."

A ranar, bayan la'asar, Na'ibi ya bi lungu-lungu yana tambaya har aka nuna masa wani ɗakin langa-langa a ƙarshen unguwa. Wata mata ta leƙo, ta ce ita ce Dela, 'yar Yahya.

"Ina mahaifinki? Na zo ne... na zo in roƙe shi gafara."

Ta dube shi. "Kai ne Samanja? Ya Ammi," ta ce, wato kawu da Larabci, "ka makara. Yau kwana arba'in da rasuwar Baba."

Na'ibi ya zauna a ƙasa.

Dela ta ce, "Ya bar maka saƙo. Ya ce ba don neman abinci yake zuwa gidanka ba, gidajen da ke son ruwansa sun yi masa yawa. Kalma ɗaya yake jira ya yafe maka. Ya ce in ka zo bayan ransa, in faɗa maka maganar ta fita hannunsa, sai kun tsaya gaban Allah."

Na'ibi ya fashe da kuka. "Nuna mini kabarinsa."

"Wallahi ban sani ba. Mata ba ma zuwa, kuma ka san a ƙasar nan ba a rubuta suna a kan kabari."

Ya je maƙabarta, mai gadin ya ce an binne mutane da yawa a watan, ba zai iya tunawa ba. Tun daga ranar, kullum bayan la'asar ana ganin wani tsoho yana bin kaburbura layi-layi, yana durƙusawa gaban kowanne yana cewa, "In kai ne Yahya, ka yafe mini." Shekara huɗu yana haka. A can masu haƙa kabari suka tarar da shi wata Laraba, a durƙushe, rai ya yi halinsa.

Darasi: Haƙƙin mutum ba ya ruɓewa, kuma girman kai ba ya biyan sa. In ka san ka zalunci wani, je ka nemi yafiyarsa yau, tun yana da bakin da zai ce "na yafe". Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ake jiran kalma ɗaya daga bakinsa.