Karan Awon Mantau

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso mu ji ta.

To, ku matso. Kai mai gyangyaɗi, gyara zama.

An yi wani mutum wai shi Mantau, dogo ne na ƙin ƙarawa. In ya miƙe tsaye, jinkar ɗaki a ƙirjinsa take. Mutanen garinsu kuwa duk gajeru ne. In za su gaishe shi sai sun ɗaga kai har wuya ya ƙage, sai suka daina gaishe shi. In ya zauna a dandali ƙafafunsa su cinye tabarma, sai a watse a bar masa. Ya nemi aure, aka ce dogo irin wannan ba ya daɗewa a duniya, zuciya ba za ta iya da wannan jiki ba, wa zai ba shi 'ya ta yi takaba? Haka ya koma bakin gona shi kaɗai. Ga ciwon baya na sunkuyon ƙofofi, ga ciwon gwiwa, ga kaɗaici, wanda ya fi su duka ciwo.

Rannan da hantsi sai ga wata 'yar tsohuwa da kara a hannu. Kun san dai ba a haƙa kabari sai an auna mutum da karan dawa. To, tsohuwar nan Mutuwa ce, awo ta zo yi. Mantau ya gane ta sarai, amma bai gudu ba. Rabonsa da baƙo har ya manta. Ya shimfiɗa mata tabarma, ya dama mata fura.

Ta sha, ta gwada kara, bai kai kafaɗarsa ba. Ta zaga gari ta samo wanda ya fi, bai kai kunnensa ba. Kara biyu kuwa ba a haɗa wa mutum ɗaya. Sai ta ce za ta shuka dawa a gonarsa, ta jira karan da zai kai shi.

Damina ta sauka. Kullum tsohuwa ta zo duba dawarta, su zauna gindin kuka suna hira. Dawa na tashi, hira na daɗi. Da kara ya kusa kai shi, sai tsoro ya kama Mantau. Kabarin bai dame shi ba, ranar da hirar nan za ta ƙare yake tsoro. Ya miƙa hannu ya bi kan dawar ya tsittsinke. Tsohuwa ta zo ta auna, ta girgiza kai, ta ce sai baɗi.

Baɗi ma haka, ta shuka, ya tsinke, ta auna, ta ce sai baɗi.

A damina ta uku gwiwa ta kwantar da shi. Yana kwance yana jin dawa na tsawo, ba halin tashi. Da ya kasa haƙuri, ya rarrafo da sassafe ya leƙa gona. Me zai gani? Tsohuwa ce tsaye a kan turmi, tana ɗage, tana tsinke kan dawa da hannunta.

Ya ce, "Iya, me kike yi?"

Ta sauko a hankali, ta karkaɗe zane. Ta ce, "Ɗan nan, kowa ya hango ni gudu yake yi. Kai kaɗai ka taɓa shimfiɗa mini tabarma."

Ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Shekara ta bi shekara, ana shuka ana tsinkewa. Gajerun da suka ce ba zai daɗe ba, ɗaya bayan ɗaya ta auna su da guntayen karare. Mantau ya tsufa tukuf, har ruwa ba ya iya ɗebowa.

Wata damina ya ce, "Iya, bana ki bar dawar ta yi tsawonta. Na gaji."

Ta bar ta. Da kaka ta yi, ta yanke kara, ta auna shi, ya kai cif. Bayan an rufe shi, ta kasa tafiya da karan, sai ta kwantar da shi a kan kabarin. Shi ya sa har yau ake barin karan awo a kan kabari. Ita kuwa ta koma yawonta ita kaɗai, ba mai ce mata zauna ki sha ruwa.

Tsawon jiki daban, tsawon kwana daban. Dogo ko gajere, in kun ga mutum shi kaɗai, ku yi masa sannu.

Ƙurunƙus, na ɗora ta a kan ɗan ɓera. In da ƙarya a ciki, ku tambayi Gizo.