Firintar Dabo da Hoton Mahaifinsa

Akwai wani magidanci a wani ƙauye kusa da Tofa, sunansa Dabo. Manomi ne mai ƙwazo, ya kuma yi boko daidai gwargwado, sai dai Allah Ya jarabce shi da gajen haƙuri da ƙin tambaya.

A shekarun nan da tsada ta hana kowa sakat, mahaifinsa ya rasu. Tsohon bai taɓa son hoto ba. Guda ɗaya tak aka samu a waya, yana zaune a gindin rumbunsa. Mahaifiyar Dabo, Inna Kaltume, idonta ya yi rauni, ba ta iya ganin komai a fuskar waya. Ta roƙi ɗanta ya fitar mata da hoton babba a takarda kafin sadakar arba'in, ta riƙa ganin mijinta. Dabo ya yi mata alkawari a gaban 'yan'uwa.

Yana da tsohuwar kwamfuta da firinta waɗanda ƙaninsa Abdussalam, mai aiki a Kano, ya bar masa. Tun lokacin ya gaya masa tawadar saura kaɗan, sabuwa kuwa ta fi ƙarfinsu a bana. Shagon buga takardu na kusa da su ya daɗe da rufewa saboda tsadar mai.

Ana gobe sadaka, da hantsi, aka kawo wuta. Dabo ya ga ya kamata ya fara fitar da shafin addu'ar da zai ba liman, sannan hoton. Ya danna, firinta ta yi shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ransa ya ɓaci, ya shiga dannawa ba ƙaƙƙautawa kamar mai buga ƙofar kurma.

Matarsa Kulu ta leƙo, ta ba shi shawarar ya kira Abdussalam kafin ya ɓata abu.

Ya ce, "Ni zan tambayi yaron da na goya? Je ki ji da tukunyarki."

Can ya lura wayar da ta haɗa kwamfuta da firinta ce ta saki. Ya cusa ta. Nan take firinta ta farka, ta fitar da shafin addu'a. Dabo ya yi murmushi. Sai ta fitar da wani irinsa, ta ƙara wani, ta ƙara wani.

Ya kashe ta ya kunna, ta ci gaba. Ya zare soket ya mayar, ta ci gaba. Ya kwashe takardun da ke cikinta, sai ta tsaya tana ƙyafta fitila. Ya ɗauka ta gaji ke nan. Ya ɗauko takardar hoto mai sheƙi, ita kaɗai ce gare shi, ya saka. Firinta ta zuƙe ta, ta buga mata addu'ar.

Sai a lokacin ya kira ƙaninsa, zufa na tsiyaya. Abdussalam yana cikin mota, ya riga ya baro Kano zai zo sadaka.

Da ya ji abin da ya faru, ya ce, "Yaya, sau nawa ka danna?"

"Wa ya ƙirga?"

"To ita ta ƙirga maka."

Ya bayyana masa cewa kowace dannawa aiki ce da ke shiga layi a cikin kwamfuta, kamar jarkoki a bakin bohol. Kashe famfo ba ya korar layin. Da zarar ruwa ya dawo, kowace jarka sai ta sha. Ya nuna masa inda zai buɗe layin ya goge su duka. Sannan ya ƙara da cewa da ya kira shi da safe, da ya wanko hoton a birni ya taho da shi.

Dabo ya goge layin cikin ɗan lokaci, abin da ya ƙara masa takaici. Ya saka farar takarda, ya tura hoton sau ɗaya. Amma tawada ta riga ta ƙare a kan addu'o'in. Rumbu ya fito dishi-dishi, fuskar tsohon kuwa fararen layuka ne kawai.

Kulu ta tattara tarin shafukan. Da wasu takardu ne, da ta kai wa mai ƙosai ta naɗe kaya da su. Waɗannan suna ɗauke da sunan Allah, dole aka ƙone su a wuri mai tsarki. Dabo yana tsaye yana kallon tawadarsa ta bi hayaƙi.

Bayan la'asar ya shiga ɗakin mahaifiyarsa, ya durƙusa, ya miƙa mata abin da ya samu. Ta kai takardar kusa da idonta. Ta juya wajen hasken ƙofa, ta daɗe tana dubawa, tana shafa wurin fuskar da yatsa.

Ta ce, "Rumbun kam na gane shi. Ina Malam?"

Dabo ya sunkuyar da kai. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta naɗe takardar a hankali, ta mayar masa.

Darasi: Idan abu ya ƙi, maimaita shi da fushi ba ya gyara shi, tara maka asara yake yi. Ka tsaya ka duba, ka kuma tambayi wanda ya sani ko da ƙaninka ne, domin mai tambaya ba ya ɓata. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman masu saurin hannu.