Ƙwan da Sallau Ya Ƙi Cirewa

Ku gafarce ni, manya. Ni ba malama ba ce, ban taɓa ba da labari a gaban taro ba. Abin ne ya tsaya mini a rai.

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari, tun zamanin da motoci masu ƙwaƙwalwa suka fara shigowa. Sunansa Sallau, sana'arsa gyaran wayarin mota. Bai mallaki komai ba sai 'yar na'urar da yake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, mota ta faɗa mata ciwonta da lamba. Rumfar da yake aiki ma aro ce, a garejin Alhaji Ɗanbaba dillalin motoci.

Ran nan Alhaji ya kawo wata bas, ƙwan gargaɗi na ci a gaban direba. Sallau ya jona na'ura, lamba ta nuna wajen famfon mai. Ya shiga ƙarƙashi, ya bi waya, ya bi waya, sai ga ta ta goge, ƙarfe tsirara, tana gogar tiyon fetur.

"Alhaji, wannan wuta ce take jiran rana. Sai an sauke tanki."

"Tanki? Mai saye yana hanya. Goge lambar kawai."

"In na goge, kafin ya fita gari za ta dawo."

"To, cire ƙwan."

Ku saurara, jama'a! Cire ƙwan! Ba cire ciwon ba, cire mai faɗar ciwon! Kuma mai sayen nan, Malam Barau, fasinja zai riƙa ɗauka zuwa kasuwannin ƙauye, mata da goyo, tsofaffi da kajinsu.

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni lokaci zuwa jibi in gyara. Aikin hannuna kyauta ne."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Liman, rumfar nan ta gadonka ce?"

"Taka ce, Alhaji. Amma hannun nawa ne."

Aka kwashe da dariya. Wani bakanike ya ce, "Allah shi gafarta Malam, a ja mu salla mana!" Shi ne ya ɗauko baƙin salatif ya liƙe ƙwan ta ciki, ƙyas, kamar bai taɓa ci ba.

Sallau ya zauna. Ya san in ya yi shiru rumfa tasa ce, tuwon gidansa ya tsira. Ya kuma san fetur ba ya jin salatif. Da Malam Barau ya iso yana shafa jikin bas yana murmushi, sai Sallau ya miƙe ya tare shi.

"Malam, kafin ka biya, sunkuya ka ga wani abu."

Barau ya sunkuya, ya gani, ya yi salati, ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Kafin la'asar an watso wa Sallau kayan aikinsa a titi. Kuna jira in ce daga baya ya yi arziki? Bai yi ba. A gindin darbejiya ya ƙarasa sana'arsa, damina ta dake shi, rani ya gasa shi. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba Alhaji aka zaga ba. Sallau aka zaga! Wai munafuki ne, wai ya shiga sharo ba shanu. Waɗanda suka faɗi haka kuwa, iyayensu mata a irin bas ɗin suke zuwa kasuwa.

To, ku ji. Gaskiya ba ta zama ƙarya don an rufe mata baki, kuma wanda ya ɓoye aibin da zai halaka wani, da hannunsa a cikin jinin. Kowannenmu yana da ƙwansa: uwa mai faɗa, aboki mai gyara, zuciyar da ke bugawa in za a yi ba daidai ba. Idan ya kama, ku sauke tanki, kada ku nemi salatif.

Iyakar abin ke nan. Bari in ɗauki takalmana a hannu in sulale tun kawunanku suna sunkuye.